Tsarin Shugabancin 'Yan Sanda a Unguwannin Kudancin Kogin Kaduna: Matsayin Baturen 'Yan Sanda

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda aka tsara shugabancin 'yan sanda a unguwannin Kaduna da ke kudu da kogi, bisa tanade-tanaden Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, da tarihin rikice-rikicen birnin. Hujjarta ita ce iko da kuɗi da sanin gari sun rabu wuri uku, kuma gyaran da zai fi amfani shi ne na matakin baturen 'yan sanda, wato DPO, ko an kafa 'yan sandan jiha ko ba a kafa ba.

Yanayin wurin

Kudancin kogi a da unguwar ma'aikata ce. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, masaƙar UNTL da masana'antar makamai ta DICON suka biyo baya a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma a 1980. Waɗannan masana'antu ne suka tara Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Tibi da Ibo da Bayarabe a layi ɗaya a Makera da Nasarawa da Tirkaniya. Abu biyu suka sauya wannan zama. Na farko durƙushewar masaƙu, inda KTL ta rufe a 2002, dubban magidanta suka rasa albashi, 'ya'yansu suka tashi babu sana'a. Na biyu rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011, waɗanda suka sa jama'a suka yi ƙaura bisa addini: akasarin Kiristoci suka tsallako kudu zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi da yawa suka koma arewa. Rabuwar ba ta zama cikakkiya ba, domin har yanzu akwai Musulmi masu yawa a Nasarawa da Makera da Barnawa, kuma a irin waɗannan iyakoki ne ƙaramar husuma kan iya zama gobara cikin awa guda.

Daga baya wata barazana ta shigo ta gefen daji. An sace ɗaliban Jami'ar Greenfield a Afrilun 2021, da na makarantar sakandaren Bethel Baptist a Yulin 2021, duka a ƙaramar hukumar Chikun. Ga kuma hanyar Abuja da ta Kachia, waɗanda duk ta nan suke fita daga gari. Ofisoshin 'yan sanda na Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha suna ɗauke da aiki iri uku lokaci guda: laifukan birni na yau da kullum, kashe wutar rikicin addini tun tana tartsatsi, da tsaron bakin daji.

Inda iko yake

Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, ya kuma hana kafa wata. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa kwamishinan 'yan sanda umarni kan zaman lafiya, amma ya bar wa kwamishinan ƙofar neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Ƙarin girma da ladabtarwa suna hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a Abuja. Tun 2020 rundunar Jihar Kaduna tana ƙarƙashin Shiyya ta 14 mai hedikwata a Katsina, bayan ta daɗe a Shiyya ta 7 ta Abuja. Daga kwamishina sai kwamandan yanki, sai baturen 'yan sanda a ƙasa. Duk wanda ke wannan tsani sama yake kallo, domin daga can ake ɗaga shi ko a sauya masa wurin aiki.

Kuɗin aiki kuwa wata hanya suke bi. Albashi daga Tarayya yake zuwa, amma motocin sintiri da mai da alawus na ayyukan haɗin gwiwa, irin su Operation Yaki da aka kafa zamanin Gwamna Namadi Sambo, gwamnatin jiha ce ke ɗaukar kaso mai yawa nasu. A 2019 jihar ta kafa Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida don daidaita wannan alaƙa, wanda ya nuna ita kanta ta san akwai giɓi. Sanin gari yana wuri na uku: wajen mai unguwa, da liman, da fasto, da shugabannin 'yan acaba da 'yan Keke Napep, da 'yan sintirin unguwa. Su ne suka san gidan da baƙi suka sauka jiya da daddare, da yaron da ke kai wa mutanen daji burodi da fetur. Ba su da wata hanya ta doka da za su tambayi jami'i abin da ya yi da labarin da suka kai masa.

Abin da ya fi tsananta wannan rabuwa shi ne gajeren wa'adi. Tsakanin 2018 da 2022 Ahmad Abdurrahman, da Ali Janga, da Umar Muri, da Mudassiru Abdullahi, da Yekini Ayoku duk sun riƙe kujerar kwamishina a Kaduna. Dokar 2020 ta yanka wa Sufeto Janar wa'adin shekara huɗu, amma ba ta yi wa kwamishina ko baturen 'yan sanda irin wannan tanadi ba, kuma sabon kwamishina yakan zo da nasa sauye-sauyen. A unguwar da aka taɓa zubar da jini, yarda ba ta samuwa da takardar kama aiki. Sai mutane sun ga jami'i ya kama ɗan ɓangarensu da ɗan wancan ɓangare a kan laifi iri ɗaya, ya yi musu hukunci iri ɗaya, sannan su fara kai masa magana a asirce. Da an ɗauke shi, wanda ya gaje shi daga farko zai soma. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Sanin unguwa ma sai da zama a cikinta.

Saboda haka wannan nazari ke ganin abu uku ya kamata a haɗa a hannun baturen 'yan sanda: wa'adi tsayayye na kimanin shekara uku, kuɗin gudanarwa da ke shiga ofishinsa kai tsaye kuma a bayyane, da wajibcin ba da bahasi a kai a kai ga kwamitin al'umma. Na ukun ba sabon abu ba ne a takarda. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana nan tun 1984, Dokar 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma har matakin ofishin yanki. Abin da suka rasa shi ne haƙori: ikon ganin alƙaluman ƙorafi da na tsarewa, da ikon aika rahoton da za a duba kafin a yi wa jami'i ƙarin girma.

Amsa ga masu suka

Suka mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa maganin duka shi ne 'yan sandan jiha, batun da shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba a Fabrairun 2024. Hujjarsu tana da nauyi, domin wanda ke biyan kuɗin mai ya cancanci a saurare shi. Sai dai Arewa ta taɓa gwada 'yan sandan gida. 'Yan dokan En'e sun san gari ciki da bai, amma an yi amfani da su wajen muzguna wa 'yan jam'iyyar NEPU a Jamhuriya ta Farko, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa mulkin soja ya narkar da su cikin rundunar Tarayya bayan 1966. A Kaduna haɗarin ya fi haka, domin duk gwamnan da ya hau, wani ɓangare na birnin zai riƙa kallonsa a matsayin ɗan ɗaya ɓangaren. Idan aka ɗauke iko daga Abuja aka kai Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnan jiha, ba tare da an taɓa matakin ƙasa ba, mazaunin Unguwar Romi ko Nasarawa zai ci gaba da fuskantar jami'in da bai san shi ba, wanda kuma ba ya jin tsoron ƙorafinsa. Arewacin Ireland, inda Katolika suka daɗe ba su yarda da 'yan sanda ba, ya fi kama da halin Kaduna: rahoton Patten na 1999 ya kai ga sabuwar runduna a 2001, tare da hukumar sa ido mai wakilan Katolika da na Furotesta da kwamitoci a gundumomi. Sa idon ne ginshiƙin gyaran.

Wasu za su ce jami'in da ya daɗe a wuri yakan saba da masu kuɗi da 'yan siyasar unguwa har su saye shi. Wannan gaskiya ne, shi ya sa wa'adi ba zai yi amfani shi kaɗai ba. Amma ofishin da ba shi da kuɗin mai ya riga ya dogara da mai hannu da shuni da kuɗin beli, duk da doka ta ce beli kyauta ne, ko jami'in ya yi wata uku ko shekara uku. Kuma kwamitin da ya haɗa Musulmi da Kirista da mata da 'yan kasuwa ya fi mutum ɗaya wuyar saye.

Akwai kuma masu cewa barazanar yanzu ta masu manyan bindigogi ce, aikin soja ne da jiragen sama. A cikin daji haka ne. Amma mai garkuwa da mutane yana buƙatar mai ba shi labari, da mai sayo masa abinci da katin waya, da mai karɓar kuɗin fansa, waɗannan kuwa a bakin gari suke zaune, a wurare irin su Mararraban Rido da Kujama. Soja ba ya buɗe fayil, ba ya kai mai laifi kotu. Ko 'yan sintirin jiha na KADVIS, da aka kafa da dokar 2016, idan sun yi kamu dole su miƙa wa caji ofis, kuma daga nan baturen 'yan sanda ne ke yanke ko za a yi bincike har kotu ko za a saki mutum kafin gari ya waye.