Yadda Hari Ya Tsara Garuruwan Katsinar Laka

Wanda ya bi ƙasar Katsinar Laka tun daga Bilbis da Tsafe, ya ratsa Kwatarkwashi da Gusau har Bunguɗu, zai ga tsofaffin garuruwa, kowanne ya jingina da dutse ko gulbi. Wasunsu sun girmi jihadi, amma abin da ya cika su da mutane a ƙarni na 19, ya sa ƙauyuka suka tattara cikin ganuwa, shi ne hari. Katsinar Laka bakin iyaka ce a lokacin, kuma ba a fahimtar tarihinta sai an san su wane ne maharan da abin da suke nema.

Bayan Muhammadu Bello ya ci 'Yandoto wajen 1806, Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808, sarakunan da aka kora ba su saduda ba. Katsinawa suka kafu a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi suka kwanta dama, suka zauna a Tsibiri. Daga nan ne barade ke fitowa da rani, su bi daji, su faɗa wa gari da asuba, su kore shanu, su kama mutane, su juya kafin gudunmawa ta iso. Matsin ya kai ga mutanen Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, sun taɓa ƙaura zuwa Rawayya kafin su dawo. Maganin da Bello ya gani shi ne ribaɗi: gari mai ganuwa, da mayaƙa masu noma, da malamai, a kan hanyar abokan gaba. Shi kansa a ribaɗin Wurno ya rasu a 1837.

Akan kwatanta wannan da daular Rum, wadda ta jera sansani a bakin kogunan Rayin da Danub don tare ƙabilun Jamus, har a 271 Sarki Aureliyan ya fara kewaye birnin Rum da ganuwa. Kwatancen yana da amfani, amma yana ɓoye babban bambanci. Gotawan da suka haye Danub a 376 baƙi ne masu neman wurin zama. Maraɗawa kuwa gadon gidansu suke nema. Harshensu ɗaya da waɗanda suke kai wa hari, suna da dangi a bayan ganuwa, kuma akwai garuruwan da zuciyarsu ke tare da su. Shi ya sa da Ɗan Mari na Maraɗi ya shigo ƙasar Ruma a farkon shekarun 1840, garuruwa suka bi shi. Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe boren da tsanani, ƙasar ta zama kufai, dajin Rugu ya rufe gonaki. Hukuncin da aka yi don tsare iyaka shi ya ba mahara mafaka, kuma a ganina wannan ce babbar asarar da tsaron daular Sakkwato ya jawo wa kansa.

Mai musu zai ce ai ribaɗin bai yi aiki ba. Yana da hujja: a 1853 Bature matafiyi Barth ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba zango don tsoron Gobirawa, zamanin Ɗan Baskore na Maraɗi ma hari bai lafa ba. Sai dai ganuwa ba ta hana a shigo ƙasa, abin da take hanawa shi ne a riƙe ta. Gotawa sun kashe Sarkin Rum Balens a 378, sun washe birnin Rum a 410. Maraɗi kuwa ba ta taɓa karɓe birnin Katsina ba, Sakkwato ma tana tsaye har Turawa suka zo a 1903.

Musun da ya fi nauyi shi ne na talaka, kuma ba ni da amsar da za ta share shi. Rundunar Sakkwato ma tana kai hari arewa tana kamo bayi, manomin da gonarsa ta yi nisa da ganuwa kuma shi ke biyan farashin kowane ɓangare. Sai da yaƙe-yaƙen suka mutu, jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, sannan mutane suka bazu a fili suna noman gyaɗa da auduga.