Yadda Citta Ta Shiga Uku a Birnin Landan

 Yau tarihi za mu taɓa, kuma tarihin zai kai mu nesa, har ƙasar Ingila. Amma kafin mu tashi, uwargida ki leƙa gwangwanin kayan yajinki. Akwai citta mai 'ya'ya a ciki, ko? Wadda ake dakawa a yajin jego, ake ɗan jefawa a kunu da fura. To, wannan 'yar ƙwayar an taɓa rubuta sunanta a dokar Ingila, jeri ɗaya da guba, aka ce duk mai sana'ar da aka kama da ita tarar fam 200 ce. A shekarar 1816 aka yi haka.

Sai dai in faɗa tun da wuri, labarin ya ratsa ta cikin tukunyar giya. Mun san hukuncinta a addininmu, ba kuma koyar da dafa ta za a yi a nan ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda kayan ƙamshin da mata suka saba zubawa a tukunyarsu suka koma abin rufe ha'inci da zarar tukunyar ta bar hannunsu.

Shekaru ɗari bakwai da suka wuce, a ƙauyukan Ingila, dafa abin sha na sha'ir aikin mata ne, kamar yadda dama kunu yake a wurinmu. Mace za ta jiƙa sha'ir ya yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, irin dai yadda ake sa tsiron hatsi don kunun zaƙi ya yi zaƙi, sai dai su suna barin nasu ya yi ƙarfi. Ba ya daɗewa, kwana kaɗan ya lalace, don haka in ya yi wa gida yawa sai ta kafa sanda ko tsintsiya a ƙofa, alamar akwai na sayarwa. Kowace da hannunta. Wata ganyen daji take sawa, wata zuma, mai hali kuma ta sayi kayan yaji na ƙasashen waje.

A nan citta ta shigo. Citta mai 'ya'ya ba shukar ƙasar Hausa ba ce, daga kurmi take zuwa mana, kamar goro. Fatake ke ɗauko ta daga dazuzzukan Afirka ta Yamma, raƙuma su ƙetare Sahara da ita zuwa bakin teku, daga can 'yan kasuwar Italiya su shiga da ita Turai. Da yake mutanen can ba su san inda take fitowa ba, sai 'yan kasuwa suka laƙaba mata suna mai tsada, wai ƙwayar aljanna. Kin ji talla! Daga baya, a ƙarni na 15, jiragen ruwan Fotugal suka iso gaɓar da take fitowa, wajen ƙasar Laberiya ta yau, har Turawa suka riƙa kiran wannan gaɓa da sunan ƙwayar.

Sannu a hankali sana'ar ta kuɓuce wa mata. Wajen shekarar 1400 aka fara shigo da wani fure mai ɗaci daga ƙasashen Holan, ana ce masa hof, wanda ke hana abin shan saurin lalacewa. Abin da zai yi watanni bai lalace ba kuwa, ana iya dafa shi da yawa a ajiye, a yi fatauci da shi. Wannan sai mai jari, jari kuma a hannun maza yake. Kafin shekarar 1600, a birane dai, mata sun koma masu miƙa kofi.

Wajen shekarun 1720 wata irin giya mai duhu ta ɓulla a Landan. Masu shanta galibi 'yan dako ne, masu sauke kaya a bakin kogi da kan tituna, don haka sunansu na Turanci ya bi ta, ana ce mata fota. Duhunta daga sha'ir ɗin da aka gasa ya yi ja yake fitowa. Manyan kamfanoni suka kama ta hannu biyu, suna ajiye ta watanni a wasu randunan katako da suka fi ɗakin soro tsawo. Ranar 17 ga Oktoba, 1814, ɗaya daga cikin irin waɗannan randuna, mai tsawon ƙafa 22, ta fashe a kamfanin Meux. Ruwan ya rushe bango ya malala unguwar talakawa da ke bayansa, ya kashe mutum takwas, duk mata da yara. Wasunsu ma suna zaman makoki ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da aka yi bincike, sai aka ce ƙaddara ce, ba a kama kowa da laifi ba.

To, ina ha'incin ya samo asali? Daga haraji da lissafi. Gwamnati na karɓar haraji a kan tsiron sha'ir, kuma da Ingila ta shiga dogon yaƙi da Faransa daga 1793 zuwa 1815, harajin ya yi ta hawa. A daidai wannan zamani masu kamfanoni suka sami wani ma'auni da ya nuna musu cewa farin tsiro, wanda ba a gasa sosai ba, ya fi jan albarka. Sai suka koma farin. Amma fa mai saye ya saba da baƙi, ya saba da ɗanɗanonsa. Sai aka shiga ciko: a ƙona sukari don launi, a zuba baƙin ruwan rake mai kauri, ɗan'uwan maɗi, don jiki, a sa wata saiwa mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙusus. Shi kuma mai shago, in an kawo masa ganga, sai ya tsinka ta da ruwa. Abin da aka tsinka ba ya ɗumama maƙogwaro, to a nan ake neman citta da barkono, don mai sha ya ji zafi-zafi ya ɗauka ƙarfi ne. Citta dai ba ta cutar da kowa. Laifinta kawai ta iya rufa wa maha'inci asiri.

Da a nan aka tsaya, da sai mu ce cutar aljihu ce. Amma akwai wata ƙwaya daga Indiya, kokulus, wadda masunta ke zubawa a ruwa kifi ya bugu ya taso, kamar yadda namu masuntan suka san magimfa. Guba ce sosai, tana sa jiri da farfaɗiya. Ita ake zubawa don kan mutum ya juya ya ce lallai wannan shago ba sa tsinkawa. Akwai wani icce mai ɗacin maɗaci daga Kudancin Amurka da ake sawa a madadin furen hof mai tsada. Akwai alif da wani koren gishirin ƙarfe don kumfa ta tashi fari tas. Har da ofiyom da ganyen taba.

Wata za ta ce, ai sai mutum ya dafa abinsa a gida ya huta. Haka ma wasu suka yi tunani a lokacin. Wajen shekarun 1790 wani mai suna Samuel Child ya buga ɗan ƙaramin littafi don koya wa magidanta dafa fota a gida da araha, kuma an yi ta sake buga shi. Ku san me ya lissafa? Ruwan rake, irƙusus, ƙonannen sukari, barkono, citta mai yatsu, kirfa, sannan ga kokulus ɗin nan, ga alif, ga gishirin ƙarfe. Hujjarsa ita ce in babu su, ba za a sami ɗanɗanon da mutane suka saba da shi ba. Wannan wurin shi ya fi tsaya mini a rai cikin labarin duka. Ha'incin ya daɗe har harshen mutane ya ɗauke shi a matsayin asali, mai dafawa iyalinsa da hannunsa yana neman gubar da kuɗinsa don abin ya yi kama da na kasuwa. Mu ma in muka tuna yadda zoɓon da ba a zuba wa kala da ƙamshin kwalba ba yake yi wa yara salam a baki, ba za mu yi saurin yi wa mutanen Landan dariya ba.

Dokar 1816 ta zo ta yi kuɗin goro. Ta hana mai dafawa don sayarwa, da mai shago, su ajiye ruwan rake, zuma, irƙusus, kokulus, iccen ɗacin nan, ofiyom, barkono da citta. Tara fam 200. Mai kantin magani da ya sayar musu kuwa, fam 500. Ni a ganina ba tausayin 'yan dako ne kaɗai ya motsa gwamnati ba. In don lafiya ne, me ya kawo zuma cikin jerin? Duk cokalin zuma ko ruwan rake da ya shiga ganga, tsiron sha'ir ne ba a saya ba, haraji ne bai shiga baitulmali ba.

Shekara ɗaya bayan dokar, a 1817, wani mai suna Daniel Wheeler ya fito da dabarar gasa tsiron sha'ir a cikin gangar ƙarfe mai juyawa, irin ta gasa kofi, har ya yi baƙi ƙirin bai ƙone ba. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya rina ganga guda. Matsalar launi ta ƙare ke nan, ba tare da an karya doka ba. Amma tsinkawa da zuba guba ba su ƙare ba.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Frederick Accum, Bajamushe masanin haɗa magunguna da ke zaune a Landan. A 1820 ya buga littafi a kan algus cikin abinci, kuma bai tsaya kan giya ba. Ya nuna ana sa alif a burodi don ya yi fari, ana rina ganyen daji da tsatsar tagulla a sayar a matsayin shayi, ana rina alewar yara da dalma, ana haɗa garin masoro da sharar ɗakin ajiya. Ya koya wa matan gida hanyoyi masu sauƙi na gwada abin da suka sayo. Abin da ya fi tayar da ƙura, ya jera sunayen masu kamfanoni da masu kantin magani da kotu ta taɓa ci tara. Kwafi dubu suka ƙare cikin wata guda. Kafin shekarar ta fita aka zarge shi da yage shafuka daga littattafan wani ɗakin karatu, aka kai maganar kotu, mutuncinsa ya zube. A 1821 ya tattara ya koma Jamus, a can ya rasu a 1838.

Sai da aka ƙara shekara talatin kafin wani likita, Arthur Hassall, ya ɗauki madubin ƙara girman abu ya bi kantunan Landan yana gwada kofi da madara da kayan yaji, mujallar likitoci ta Lancet tana buga sakamakon da sunan kanti da adireshinsa, daga 1851. A 1858 mutum kusan ashirin suka mutu a garin Biradfod saboda alewar da aka zuba wa guba bisa kuskure, an ɗauka farar hodar da ake yin algus da ita ce. Bayan wannan ne aka yi dokar farko ta hana algus a abinci a 1860, aka yi wadda ta fi ta ƙarfi a 1875.

Ita fota kuwa kasuwarta ta yi ta ja baya, har wajen 1940 aka daina dafa ta a Landan. A 1963 Ingila ta ba kowa damar dafawa a gidansa ba tare da lasisi ba, Amurka ta yi tata dokar a 1978, sai masu sha'awa suka tono tsofaffin littattafai suka farfaɗo da ita. Yanzu masu dafa ta a gida a waɗannan ƙasashe kofi suke zubawa, da koko, da kwakwa, da banila, suna faɗa da bakinsu, har suna gasa a kai. Cittar ma ta koma tukunyarsu. A 'yan ƙananan ledoji ake sayar musu da ita, da awon giram, kuma har yau sunan da ke jikin ledar shi ne wanda 'yan kasuwar Turai suka laƙaba mata tun zamanin raƙuma.