Barolo: Tarihin Jar Giyar Inabi ta Tuddan Langhe

Barolo jar giyar inabi ce da ake yi a tuddan Langhe, kudu maso yammacin garin Alba, a yankin Piemonte da ke arewa maso yammacin Italiya. Sunan wani ƙaramin ƙauye ta ci, amma doka ta ba ƙauyuka 11 izinin yin ta, kuma biyar daga cikinsu ne ke riƙe da mafi yawan gonakin: Barolo, La Morra, Castiglione Falletto, Serralunga d'Alba da Monforte d'Alba. Da inabi iri ɗaya tak ake yin ta, wanda ake kira Nebbiolo. Abin da ya fito da sunanta shi ne jure ajiya. Kwalbar da aka yi a shekarar da amfani ya yi kyau takan kai shekara 20 ko 30 a ajiye tana ƙara armashi, alhali yawancin giyar inabin duniya ana shanye ta ne tun tana sabuwa.

Wannan juriya daga halin inabin ta samo asali. Nebbiolo yakan riga sauran iri toho, sannan ya fi su jinkirin nuna, har sai watan Oktoba, lokacin da hazo ke kwanciya a kwaruruka. Saboda haka manoma ke ware masa gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi daɗewa. Tsofaffin manoma sukan gane irin wannan wuri da cewa nan dusar ƙanƙara ke fara narkewa. Ɓawon Nebbiolo ba shi da launi mai kauri, amma shi da ƙwayayen cikinsa cike suke da sinadarin tanin, wato irin abin nan mai bauri da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Ga kuma tsami mai yawa. Bauri da tsami su ke hana giyar lalacewa, su ne kuma ke sa ta ƙi shayuwa in tana ɗanya. Tarihin Barolo kusan duka tarihin yadda masu sana'ar suka yi ta fama da wannan bauri ne.

Sunan Nebbiolo ya bayyana a takardun Piemonte tun ƙarni na 13, kuma a ƙarni na 15 dokokin La Morra sun tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya sare kurangarsa, daga tara mai nauyi har zuwa yanke hannu. To amma abin da ake samu daga gare shi a wancan zamani ya sha bamban da na yau. Tun da ba a tsinke inabin sai sanyi ya gabato, tsimin yakan tsaya kafin yisti ya cinye sukarin da ke cikin ruwan, sai giyar ta fito da zaƙi, wani lokaci har da kumfa idan ta sake motsawa bayan an yi ɗumi. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya ɗanɗana ta a Turin a 1787, ya kuma rubuta cewa tana da zaƙi da bauri da kumfa a haɗe. Irin wannan giya ba ta jure doguwar tafiya, balle ajiya.

An samu canji ne a tsakanin 1830 da 1850, a gidajen sarauta da na masu ƙasa. Camillo Benso di Cavour, wanda ya zama firaministan Italiya na farko a 1861, ya fara ne da riƙe ƙauyen Grinzane daga 1832, yana kula da gonakin gidansu. Ya ɗauko wani janar mai ritaya, Paolo Francesco Staglieno, wanda ya wallafa littafi kan yin giya da adana ta a 1835. Staglieno ya dage kan tsabtar ganguna, da tsimawa a mazubi rufaffe, da barin tsimin ya kai ƙarshe har sukari ya ƙare. An daɗe ana danganta wannan aiki ga wani Bafaranshe mai fataucin giya, Louis Oudart, har littattafai da dama suka yi ta maimaita haka. Amma marubuciya Kerin O'Keefe, a littafinta na 2014 kan Barolo da Barbaresco, ta nuna cewa takardun tarihi sun fi goyon bayan Staglieno.

A ƙauyen Barolo kuwa, sunan da ya fi fitowa shi ne na Giulia Colbert Falletti, Bafaranshiya da ta auri magajin gidan Falletti, masu manyan gonaki a yankin. Ana ba da labarin cewa Sarki Carlo Alberto ya yi mata ƙorafin bai taɓa ɗanɗana giyarta ba, sai ta aika masa da ganga 325 zuwa Turin a kan amalanken shanu, ɗaya don kowace rana ta shekara ban da kwana 40 na azumin Kirista. Labarin ya fi kama da almara, amma sha'awar gidan sarautar Savoy ba almara ba ce. Carlo Alberto ya sayi fadar Verduno a 1838, ya sa Staglieno kula da giyarsa a can da Pollenzo. Ɗansa Vittorio Emanuele na II ya sayi gandun Fontanafredda a Serralunga a 1858, shi kuma ɗan wannan sarkin, Emanuele Alberto di Mirafiori, ya mayar da gandun kamfanin giya a 1878. Daga nan aka riƙa yi wa Barolo kirari da giyar sarakuna. Giulia ta rasu a 1864 ba ta bar ɗa ba, dukiyarta ta koma hannun gidauniyar taimakon talakawa da ta kafa.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi wa Langhe daɗi ba. Ƙwaron filoksera mai cin saiwa, wanda ya shigo Turai daga Amurka, ya lalata gonaki, sai da aka sake dashe ta hanyar aurar da kurangar gida da saiwar kurangar Amurka, wadda ƙwaron ba ya kashewa. Sai yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Talaucin manoman tuddan shi ne jigon littafin La malora na Beppe Fenoglio, ɗan Alba, wanda ya fito a 1954, kuma bayan yaƙi samari da yawa sun bar gona sun tafi masana'antar Fiat a Turin ko ta Ferrero a Alba. A wancan lokaci ƙaramin manomi ba ya ɗura giya a kwalba. Inabinsa yake sayarwa ta hannun dillalai ga manyan kamfanoni, kuma da yake inabi ba ya jira, farashin da aka yanka masa shi yake karɓa. Kamfanonin su ke haɗa amfanin gonaki daban-daban su sayar da sunansu. A yankin Barbaresco da ke maƙwabtaka da Barolo, wanda shi ma da Nebbiolo yake aiki, manoma sun nemi mafita ta hanyar ƙungiya: Domizio Cavazza ya kafa ta farko a 1894, wani limamin coci kuma ya haɗa manoma 19 suka kafa Produttori del Barbaresco a 1958.

Hanyar gargajiya ta yin Barolo ta kafu a wannan zamani. Akan bar ruwan inabin tare da ɓawonsa wata guda, wani lokaci har biyu, sannan a zuba shi a manyan gangunan katakon oak na Slavoniya da ke Kuroshiya, waɗanda ake kira botti, masu cin dubban lita, ya yi shekaru a ciki. A hannun gwani wannan hanya takan ba da abin mamaki, kamar Monfortino na gidan Giacomo Conterno, wanda aka fara yi a shekarun 1920 da niyyar ajiya mai tsawo. A hannun wanda bai kula ba kuwa, tsofaffin gangunan da ba a wanke su sosai sukan ba giyar wari, ƙamshin 'ya'yan itace ya gudu tun kafin baurin ya lafa.

Gyara ya fara daga 1961, lokacin da Beppe Colla na gidan Prunotto da Alfredo Currado na gidan Vietti suka fitar da kwalabe masu ɗauke da sunan gona guda, Bussia da Rocche. Renato Ratti ya zana taswirar fitattun gonaki a shekarun 1970. Gwamnati ta ba Barolo matsayin DOC, wato shaidar asalin giya, a 1966, sannan a 1980 ta shiga sahun farko na DOCG, matsayi mafi girma, tare da Barbaresco da Brunello di Montalcino da Vino Nobile di Montepulciano. A 1986 kuma aka yi abin kunyar da ya girgiza sana'ar: wani ɗan kasuwa a Narzole, kusa da yankin, ya zuba gubar metanol a giya mai arha don ƙara mata ƙarfi, mutum kusan 20 suka mutu, wasu suka makance. Ba Barolo aka gurɓata ba, amma kasuwar giyar Italiya a waje ta faɗi, masu sana'ar suka gane cewa neman yawa da arha ba zai fisshe su ba.

A daidai wannan lokaci wasu samari suka ta da ƙura. Elio Altare na La Morra ya je Burgundy a Faransa a 1976, ya ga manoma masu ƙananan gonaki irin nasu suna sayar da kwalba da tsada. Da ya dawo sai ya shiga rage nonnan inabi tun suna kore domin sauran su nuna sosai, abin da dattawa suka ɗauka almubazzaranci ne. A 1983 ya ɗauki zarto mai inji ya yayyanka tsofaffin gangunan gidansu, mahaifinsa ya cire shi daga gado. Shi da abokan tafiyarsa, irin su Roberto Voerzio da Luciano Sandrone da Domenico Clerico, sun rage kwanakin jiƙo da ɓawo, wasunsu zuwa ƙasa da mako guda, suka koma ga ƙananan gangunan oak na Faransa, yawanci masu lita 225. Giyarsu ta fito da duhun launi da laushi, ana iya shan ta da wuri, masu sharhi a Amurka suka ba ta maki mai yawa, kuɗi ya shigo ƙauyuka. Su Bartolo Mascarello da Giuseppe Rinaldi da Giovanni Conterno suka ƙi, suna cewa sabon katako yana danne ƙamshin Nebbiolo da nasa, har a kasa bambanta Barolo da giyar kowace ƙasa. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya, kuma daga shekarun 2000 rigimar ta lafa: 'yan zamani da yawa sun rage sabon katako sun tsawaita jiƙo, 'yan gargajiya kuma sun ɗauki tsabta da kula da zafin tsimi.

Dokar yau ta ce ba za a sayar da Barolo ba sai ta yi wata 38 daga 1 ga Nuwamba na shekarar girbi, 18 daga ciki a katako. Mai sunan Riserva kuwa wata 62. Ba a yarda hekta ɗaya ta ba da fiye da tan 8 na inabi ba, ƙarfin barasa kuma ba ya kasa kashi 13 cikin 100. A 2010 aka tabbatar da sunaye 181 na gonaki da ƙauyuka da za a iya rubutawa a kwalba. Bambancinsu daga ƙasa yake: ta La Morra da Barolo ta fi yumɓu mai farar ƙasa, giyarta ta fi ƙamshi da saurin laushi, ta Serralunga da Monforte kuwa ta fi tsufa da rashin ƙarfi, giyarta ta fi bauri da buƙatar jira. Launin Barolo bai da duhu ko tana sabuwa, kuma da shekaru yakan juya zuwa jan bulo. Masu ɗanɗano sun fi ambaton ƙamshin furen wardi da na kwalta, tare da na jajayen 'ya'yan itace. Idan ta tsufa sai na busasshen ganye da taba da fata da jiƙaƙƙiyar ƙasa su fito, baurin ya kwanta, gutsi-gutsinsa ya taru a gindin kwalba.

Gonakin Barolo yanzu sun haura hekta 2,000, suna ba da kwalba wajen miliyan 14 a shekara, kuma hukumar UNESCO ta sa tuddan cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Hekta ɗaya a fitacciyar gona kamar Cannubi takan kai miliyoyin yuro, abin da ya sa gado da saye suka yi wa ƙananan gidaje wuya. Wani iyalin Amurka ya sayi gidan Vietti a 2016. Ɗumamar yanayi ita ma ta taɓa lissafin manoma. A shekaru masu zafi irin 2003 da 2017 girbi ya zo da wuri, sukari ya yi yawa, gangaren kudu ya sha rana fiye da kima, don haka gonakin da ke can saman tudu ko masu fuskantar gabas, waɗanda a da ake rainawa, sun fara daraja.