Sankarar da ke tsirowa cikin bangon maƙoshi

Jama'ar Arewa, na gida da na ci-rani, ga bayani kan wani ciwo da ba a cika jin labarinsa ba, amma yana kisa in an yi jinkiri.

Maƙoshi shi ne hanyar da abinci ke bi daga wuya zuwa tumbi. Tsawonsa ga babban mutum ya kai santimita 25. Bangonsa hawa-hawa ne: akwai fata mai laushi da abinci ke gogawa, ƙarƙashinta kuma akwai nama mai tura loma ƙasa. A shekarar 2022 mutum sama da 500,000 suka kamu da sankarar maƙoshi a duniya. Fiye da kashi 90 cikin 100 daga fatar ciki take farawa, kuma taba, giya da abin sha mai tsananin zafi na ƙara haɗarinta. Tun 2016 hukumar binciken sankara ta duniya ta yi gargaɗi kan abin sha da zafinsa ya wuce digiri 65, don haka a bar shayi da kunu su ɗan huce.

Sauran ƴan kaɗan, wasunsu cikin bangon kansa suke tsirowa. Akwai wadda ke fitowa daga nama, likitoci na ce mata leyomiyosarkoma. Akwai GIST, akwai kuma limfoma. Kowacensu ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Amma a kwantar da hankali: ƙullutun da aka fi samu cikin bangon, wato leyomiyoma, ba sankara ba ne. Gwaji kaɗai ke rarrabewa.

Alama ta farko ita ce abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. Da fari nama da tuwo, sannan dambu, daga baya har hura da ruwa su gagara. Sai rama, zafin ƙirji, dawowar abinci, wani lokaci aman jini ko baƙin bayan gida. Mutum ya koma kunu kaɗai yana cewa ba komai, to a nan ne lokaci ke ƙurewa. Wannan ba beli ba ne, askar wanzami ba ta kai wurin. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa wajen cin abinci kwano ɗaya.

Ana ganinsa da fibroskopi, siririn tiyo mai kyamara da ake zurawa ta baki. Wahalar ita ce ƙullutun yana ɓoye ƙarƙashin lafiyayyar fata, ɗan naman da aka tsinka daga sama yana iya nuna lahiya lau. Shi ya sa likita kan nemi hoton sikana ko ya sake gwajin. Kada a ce cin kuɗi ne.

Babban magani shi ne tiyata, tun abin bai bazu ba. GIST tana jin wata ƙwaya mai suna imatinib, limfoma kuma allurar sankara ake yi mata.

Ko kana Matankari, Ɗan Kasari, Gesheme ko Kore Mairuwa, fara da CSI na kusa, a ba ka takarda zuwa asibitin Dogon Dutsi ko na Tibiri, daga nan Doso ko Yamai. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, CNLC, inda aka buɗe sashen gashi da haske a 2021.

Ƴan uwa da ke Legas, Abijan ko Agadas, in kun kira gida aka ce tsoho ya daina cin tuwo, ku tambaya tun yaushe. In ya wuce sati biyu, kuɗin da za ku aiko a yi na mota da gwaji da su, a kuma adana kowace takardar likita. Allah ya ba mu lahiya.