Jiragen Da Ke Kan Tangaran Na Ƙasar Sin

A manyan gidajen ajiye kayan tarihi na Holan da Ingila da Amurka akwai waɗansu farantai da kwanonin tangaran, farare fat, da hoton jirgin ruwa irin na da, mai tafiya da iska, ga ƙyallayensa a buɗe, ga tutar Turawa a bisa. Wanda ya gani sai ya ce aikin Turai ne. Alhali kuwa mutanen Sin suka yi su, yau shekara ɗari biyu da 'yan kai.

A wani gari wai shi Jingdezhen ake gasa tangaran ɗin, can cikin ƙasa, nesa da teku. Daga nan a zuba shi a kwale-kwale, 'yan dako su haye dutsen Meiling da shi, a sake bin kogi har Kanton, watau Guangzhou ta yau. Tun 1757 Sarkin Sin ya hana Turawa ciniki ko'ina sai a wannan gari kaɗai.

To, ga inda wahalar take. Jirgi iska ke kawo shi, iska ke mayar da shi, ba ya wuce 'yan watanni a mashigin Whampoa. In matuƙi ya aika da saƙo Jingdezhen, kafin kaya su iso ya daɗe da tashi. Sai mutanen Kanton suka yi dabara: a kawo musu farin tangaran ba zane, su zana abin da baƙo ke so, su sake gasawa a ƙaramin murhu, ya karɓi abinsa kafin iska ta juya. Ta haka wani babban matuƙi na jirgin Holan mai suna Vryburg, Christiaan Schooneman, ya sa aka yi masa farantai da hoton jirgin, da sunansa, da shekarar 1756.

Amma fa kada a ɗauka kowane jirgi da ke kan faranti shi ne ainihin wanda aka ambata. Sau da yawa mai zanen bai je ya dubi jirgin ba, daga hoton takarda yake kwafa. Jirgi guda ne a hannunsa. In Bature ɗan Ingila ya zo ya sa masa tutar Ingila, in ɗan Denmak ne ya sake tuta. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zama a rumfa ya san irin wannan ciniki, ni dai ban ga laifinsa ba, tun da mai saye ya gani ya biya.

Da Amurkawa suka fara zuwa a 1784 cikin jirginsu Empress of China, ba a sha wuya ba, tuta kawai aka ƙara koyo. Akwai wani babban kwano a gidan tarihi na Peabody Essex a garin Salem, an rubuta masa sunan jirgin Grand Turk da Kanton da shekarar 1786. Jirgin ya je Kanton, ba shakka. Sai dai da masana suka bi diddigi, suka tarar hoton na wani jirgin Ingila ne, daga wani littafin koyon tuƙin jirgi da aka buga a 1777 aka ɗauko shi, aka liƙa masa tutar Amurka.