Haruffa masu ɗigar jini a tallan Sallah

Saura kwana goma Sallah Ƙarama na tarar da ɗan ƙanwata a ƙofar wani butiki a Birnin Ƙonni, suna ɗaura allon talla shi da mai wurin. Yaron da waya yake neman abincinsa: katin biki, tallan shadda, hoton ɗan takara, duk yana haɗawa. Allon baƙi ne wuluk, an rubuta rangwamen Sallah da jajayen haruffa masu karkacewa, kowane harafi jini na ɗiga daga gindinsa, ga ɗan ƙoƙon kan mutum a kusurwa. Abin da ake talla kuwa takalman yara ne.

Na ce masa, "Kai kuwa ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Kawu, shi ake yayi. Yana jan ido."

Bai rufe baki ba wani dattijo, manomin albasa daga wajen Galmi, ya tsaya ya ƙura wa allon ido, ya tambayi mai butiki: "Alhaji, wanga maganin ƙwari na ko na ɓera?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai da na koma gida na ga cewa a cikinmu duka dattijon ne ya karanta allon daidai, ko da yake bai san boko ba.

Haruffan da ake kira na tsoro iri biyu ne, kuma ba tare aka haife su ba. Na farko su ne baƙaƙe masu kauri da ƙayoyi, waɗanda Turawa ke kira Gotik. Asalinsu babu tsoro ko kaɗan. Hannun malaman coci ne, da shi suke kwafar littattafai, kuma shi Gutenberg ya kwaikwaya lokacin da ya buga Baibul a birnin Mainz wajen 1455. Jamusawa sun riƙe danginsa ɗaruruwan shekaru a littattafai da takardun hukuma, har watan Janairun 1941 da gwamnatin Hitler ta ce a daina, bisa ƙaryar cewa wai na Yahudawa ne. Har gobe da irinsa ake rubuta sunan jaridar Le Monde ta Faransa da New York Times ta Amurka, don a nuna tsufa da dattako. Finafinan fatalwa da tsofaffin gidaje da maƙabartu ne suka ja shi zuwa duhu, daga baya mawaƙan Turai masu kiɗan hayaniya suka ɗauka suka ƙarasa.

Na biyu, masu ɗigar jini, ƴan jiya ne. Sun yi tashe a bangon ƙananan mujallun zane na ban tsoro da fastocin silima a Amurka a shekarun 1950, har iyaye da ƴan majalisa suka tayar da jijiyar wuya, masu bugawa suka kafa wa kansu ƙa'ida a 1954 wadda ta hana sa kalmomin firgici a sunan mujalla. Ƴan kasuwa suka tsince su suka liƙa wa bikin Halloween na 31 ga Oktoba, bikin kabewa da alewa da shigar dodanni, wanda Amurkawa ke kashe wa sama da dalar Amurka biliyan 10 a shekarun nan. Can kowa ya san wasa ne, kamar yadda yaron da ya shafa bula ya fito tashe a azumi ba ya tsorata kowa. Wata ɗaya ake yi, a naɗe a ajiye.

Mu ta kwamfuta suka shigo mana, babu bikin babu bayaninsa. Wani salo mai suna Chiller, da aka zana a 1995, ya zo cikin Microsoft Office, ya zauna a duk shagon buga takardu daga Yamai har Tawa. Yanzu kuma manhajojin waya sun cika da tallace-tallace shiryayyu, sai dai ka goge Turancin ka sa Hausa. Nan ɗan ƙanwata ya ɗebo nasa.

Ba kwaikwayon Turawa ne ya dame ni ba. Boko kanta ai aro ce, mun kuma mayar da ita tamu. Jan launi a jikin harafi ma ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu ya san baƙaƙe da baƙar tawada ake yi, wasulla da ja, ba wanda ya taɓa ganin jini a ciki. Damuwata tana gona.

Yankin nan na noman rani ne. Fadamar Ƙonni da madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, albasar Galmi da ta kai har Abijan da Akara, lambunan da ke bin kwarin Badagishiri a gundumar Illela, babu inda ba a fesa magani. Mai yawa daga cikinsa ta iyakar Nijeriya yake shigowa, rubutun jikinsa Ingilishi, mai fesawa kuwa ko Faransancin bai yi ba balle shi. Abin da yake karantawa launi ne da hoto. Tsarin da hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa ya sa jan layi da ƙoƙon kai da ƙasusuwa a gindin kwalbar da ta fi haɗari, rawaya ga mai bi mata, sannan shuɗi da kore. Wannan ɗan hoton ne kawai ke tsakanin yaro ɗan shekara huɗu da kwalbar fiya-fiya da aka manta a bayan randa. Shi ne kuma a jikin akwatin wutar lantarki, daga unguwanninmu har kewayen masana'antar siminti ta Malbaza.

Wani zai ce na cika zurfafawa, allon takalmi ne kawai. To, an taɓa yi a wani wuri. A birnin Pittsburgh na Amurka likitoci sun lura cewa ƙoƙon kai ya daina tsorata yara, domin sun saba ganinsa a matsayin tutar ɓarayin teku a wasanni, ga ƙungiyar wasan garin ma sunanta Pirates. A 1971 Dokta Richard Moriarty na asibitin yara na birnin ya fito da sabuwar alama, koriyar fuska mai yatsina da harshe waje, aka sa mata suna Mr. Yuk, ana liƙawa a kwalaben guba. Sai da suka sake ƙirƙirar tsoro daga tushe, saboda na farkon ya ƙare a wasa. Su suna da kuɗin yin haka da gidajen talabijin da za su koya wa yara sabuwar fuskar. Ban ga wanda zai yi mana wannan aiki a Tsarnawa ko Dogerawa ba.

Washegari na koma na zaunar da yaron na faɗa masa duk wannan. Ya saurara, ya ce, "Kawu, haruffan dai ba zan cire ba, Alhaji ya riga ya biya kuɗin bugu." Muka yi ciniki kamar masu sayen rago. Ya yanko farin leda mai manne ya rufe ƙoƙon kan, ya zana jinjirin wata a kai. Jinin yana nan yana ɗiga daga kalmar rangwame har bayan Sallah, takalman kuma sun ƙare tun ranar jajibere.