Gyaran tsatsa a jikin tsohuwar mota: wane kaurin tol ya dace?

Yawancin motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa tsofaffi ne daga Turai, waɗanda suka shigo ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome. A can ana watsa gishiri a kan hanyoyi lokacin sanyi, don haka da yawa da tsatsarsu suke isowa, a ɓoye ƙarƙashin fenti. Taɓon damina, ruwan batir, fitsarin dabbobi da lodin kanwa su ke ƙarasa ɓarnar. Idan tsatsa ta huda ƙarfe, mastik ba ya maganinta. Sai an yanke wurin an saka sabon tol.

A shagunan ƙarfe na Nijar, da lissafin Faransa ake kiran kaurin tol: 8/10 na nufin milimita 0,8, 10/10 milimita 1, 15/10 kuma milimita 1,5. Wasu ƴan kasuwa, musamman a Najeriya, suna amfani da lambobin geji, inda lissafin yake juyawa: ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Geji 20 ya kai kimanin milimita 0,9, geji 18 kimanin 1,2, geji 16 kimanin 1,5.

Ƙa'idar ita ce a mayar da kauri irin wanda kamfani ya saka a wurin. Ana gane shi ta hanyar yanko ɗan guntu daga inda ƙarfen yake da lafiya, a kankare fenti da mastik, a auna da piye-a-kulis. Awo a bakin ramin tsatsa yaudara ne, domin ƙarfen wurin ya riga ya cinye.

Fatar waje, wato ƙofofi, kapo, rufi da fukafukan taya, galibi tsakanin 7/10 da 9/10 take a motoci irin Starlet, Corolla da Peugeot 504. Tol na 8/10 ya isa. Daɓen da ake taka ƙafa yana son 10/10. Dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da wuraren da ake kafa jak suna buƙatar 12/10 zuwa 15/10, sandunan da ke riƙe inji da amortisa kuwa sukan kai 20/10.

Nan ne maganar ta wuce kyan gani. Ƙananan motocin nan ba su da shasi daban. Jikin ne kansa ke ɗauke da nauyi. Facin 8/10 a gindin amortisa ko inda aka ɗaure bel ɗin kujera zai yi kyau bayan fenti, amma yana iya yagewa ranar haɗari. Land Cruiser da Hilux suna da shasi nasu mai kaurin milimita da dama, kuma gyaransa wani aiki ne daban.

Wasu masu mota kan nemi a saka musu mai kauri ko'ina don ya daɗe. Ba dabara ba ce. Tol mai kauri yana wuyar lanƙwasawa, kuma wutar da zai buƙaci kafin ya narke tana ƙona siririn ƙarfen da ke gefensa. Sau da yawa, abin da ke sa mai walda zaɓen 15/10 a ƙofa shi ne injinsa na baget, wanda ke huda duk abin da ya gaza haka. Siririn tol ya fi son walda ta gas ko injin waya, ɗigo-ɗigo, ana bari yana hucewa don kada ya murɗe.

Kwanon rufin ɗaki ba na mota ba ne. Ya yi siriri ƙwarai, kuma hayaƙin zinc ɗin da ke jikinsa yana sa zazzaɓi da ciwon kai idan aka shaƙa. Guntun ƙofa ko kapo na mataccen mota ya fi shi nesa ba kusa ba.

Mai saye yana iya tabbatar da kauri da sikeli. Fallen tol mai mita 1 a kan mita 2 yana da nauyin kilo 12,5 idan 8/10 ne, kusan kilo 16 idan 10/10 ne, kusan 19 idan 12/10 ne. Bayan walda, a shafa maganin tsatsa ciki da waje, a kuma bar ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa a buɗe.